Paparoma da Saɓanin Rum da Ƙustantiniyya

Duk ranar Lahadi, idan mabiya ɗarikar Katolika na Potiskum, mazaunin Sarkin Fika, suka taru don ibada a ƙarƙashin Bishop na Maiduguri, sai an ambaci sunan Paparoma cikin addu'a, alhali kuwa matsayin wannan shugaba yana cikin manyan dalilan da suka raba Kirista gida biyu. Malaman Rum sun tafi a kan cewa hukuncinsa ya game kowace majami'a. Na Ƙustantiniyya kuwa suka ce girmansa na babban wa ne, ba na sarki ba.

Da jayayya ta tsananta, ran 16 ga Yuli 1054, wakilin Rum, Kadinal Humbert, ya shiga majami'ar Aya Sofiya a Ƙustantiniyya ya ajiye takardar korar Patriyak Mika'ilu bisa bagadi, malaman Ƙustantiniyya su ma suka mayar masa da martani. Wasoson da mayaƙan Salibi suka yi wa birnin a 1204 ya ƙara dagula al'amari, har sulhun Florence na 1439 ya kasa samun karɓuwa wurin jama'ar Gabas.

Sai a 1965 Paparoma Paul na Shida da Patriyak Athenagoras suka janye tsinuwar juna. Amma mas'alar iko tana nan, malaman ɓangarorin biyu suna muhawara a kanta cikin mutunci.