Gidajen Katako na Kyoto da Jita-jitar Araha

Lokaci ya yi da za a kashe bakin zancen nan da ke yawo a wayoyin matasa, wai a ƙasar Japan raba gidaje ake yi kyauta, wai kuma wanda ya mallaki ɗaya ya sami izinin zama ke nan. Haƙiƙa ƙidayar gwamnatinsu ta 2023 ta sami gidaje kusan miliyan 9 da babu kowa a ciki, amma galibin masu arahar suna ƙauyukan da jama'a suka ƙaurace wa, kuma ko da yake shari'arsu ta halatta wa baƙo ya sayi gida, mallakarsa ba ta ba shi biza ko ta kwana ɗaya.

Waɗanda suka fi ɗaukar hankali su ne machiya, tsofaffin gidajen katako na birnin Kyoto masu ƙuntatacciyar fuska da dogon ciki, irin na unguwar masaƙa ta Nishijin. Idan ka ga an yi wa irin wannan gida farashi mai sauƙi, to wajibi ne ka tambayi dalili, domin dokar gini ta 1950 ta sharɗanta cewa aƙalla mita 2 na fili su taɓa hanya mai faɗin mita 4, alhali da yawa daga gidajen nan cikin lungu suke, waɗanda hukuncinsu shi ne idan suka rushe ko gobara ta cinye su, babu izinin sake gini, bankuna kuwa ba su cika ba da rance a kansu ba. Araha dai ba ta ado.

Sa'an nan ga gyara. Ginshiƙan gidan a kan duwatsu aka ɗora su, gindinsu kuwa can ne danshi da gara suke ɓarnarsu a ɓoye. Bangon kuma yumɓu ne da bambaron shinkafa aka yaɓa a kan saƙar gora, sai an jira kowane yaɓe ya bushe kafin a ƙara wani. Ga sanyin hunturu da ke ratsa gidan, ga ƙarfafa shi saboda girgizar ƙasa, tun da ya girmi ƙa'idojin gini na 1981.

Saboda haka mai niyya kada ya biya ko sisi sai ya je da kansa, ya kai kafintan da ya san aikin gargajiya ya ɗaga daɓe ya duba ginshiƙai, ya auna faɗin lungu, ya tabbatar da iyakar bango tsakaninsa da maƙwabci, ya binciki takardun mallaka ko akwai magada da ba su sa hannu ba, ya kuma lissafa harajin kowace shekara.

Binciken hukumar birnin Kyoto na 2016 ya nuna machiya kusan 40,000 suka rage, kimanin 800 suna salwanta duk shekara. Wanda ba shi da dukiya da haƙurin riƙe wannan amana, ya bar wa masu iyawa.