Tsaunin Gambaga ya ishi mai son hawa

Daga Salaga zuwa Yendi ƙasa shimfiɗe take, kaɗanya da ɗorawa iya ganin ido. Yaron da ya tashi a nan, in aka ce masa hawan dutse, Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 ke faɗo masa a rai, sai ya ce wannan ai sai Turawa da masu hannu da shuni. Gaskiya ne duk faɗin Ghana babu dutsen da ya kai mita 1,000, amma abin da Allah ya ba mu ya isa ya gwada ƙafar matashi.

Tsaunin Gambaga doguwar katanga ce ta dutsen yashi, ta miƙe daga wajen Walewale har iyakar Togo. Mai tahowa daga Yendi ta Gushegu bai ma san yana hawa ba, don ta kudu tudun a hankali yake tashi. Sai ya isa Nakpanduri ya ga ƙasa ta yanke a gabansa, daji kwance can ƙasa har wajen Garu. Mutumin Bawku kuwa ta fuskar da ta tsaya ƙyam yake tunkararsa, kuma nan hawan na gaske yake. Ko kogin White Volta da ya gangaro daga Burkina Faso, da ya iske wannan katanga sai ya karkata yamma.

Abin da ke damuna shi ne raina tsaunin da ake yi. Mutum ya fito da silifas da leda biyu ta ruwa bayan rana ta take, a watan Maris, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Dutsen yashi yana marmashewa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, kuma macizai na fakewa a kogunan dutsen. Wajen saukowa gwiwa ta fi shan wuya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai rufe sararin ba, ba a fara cinna wa daji wuta ba. A tashi bayan sallar asuba, a sa takalmi mai kama ƙasa. Kafin nan a gaida sarkin gari, a nemi ɗan gari ya yi jagora, domin akwai wuraren da mutanen yankin ke girmamawa, baƙo ba ya shiga sai da izini. Masu tasowa daga Bawku su fara tambayar lafiyar hanya da ko akwai dokar hana fita.