Hasken Rana Ya Zama Baran Mai Lambu

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ku sani ƙasar Zango ta masarautar Daura, da ke bakin iyakar Nijar, ƙasa ce mai gajeriyar damina da dogon rani. Saboda haka babu abin da ke ci wa mai lambu tuwo a ƙwarya kamar ɗebo ruwa. Kakanni da jigo suka yi ta fama, har injin fetur ya zo ya hutar da kafaɗa. To, tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu, ya shiga cinye ribar albasa da tumatir. Shi ya sa hankalin manoman rani ya koma kan sola.

Asalin wannan faranti daga Amurka yake, inda masana na ɗakin binciken Bell suka ƙera na farko mai amfani a 1954. Haske yake sha ya mayar da shi lantarki. Zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarami ya isa cajin waya da fitilar mai gadi. In an haɗa manya, sai su tuƙa famfo ya jawo ruwa daga rijiya.

Sharuɗɗansa uku ne. Na farko, a girke shi yana duban kudu, a ɗan karkace, gama a arewacin tsakiyar duniya muke, da rani kuwa ta kudu rana ke bi. Na biyu, a raba shi da inuwa, ko da ta reshen darbejiya ce, don inuwar gefe guda takan raunana farantin duka. Na uku, a riƙa share shi da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe kome. Batir shi ne mai saurin mutuwa. Wanda ya tara ruwa a tanki da rana ya huta da sayensa domin ban ruwa.

Ku 'yan kasuwa, akwai farantan da ƙarfinsu bai kai adadin wat ɗin da aka rubuta a bayansu ba. Sayar da irinsu da sani algus ne, daidai da tauye mudu. Talakan da ya sayar da akuyarsa ya saya, amana ya ɗora muku.

Ku masu lambu kuma, kada don rana ba ta karɓar kuɗi a bar famfo yana kwarara banza. Ruwan ƙasa na tarayya ne. In ya yi ƙasa, rijiyar maƙwabci ita ke fara ƙafewa. Kwamin da ya ƙoshi, a toshe masa ruwa.

Allah ya sa albarka a rani da damina, amin.