Masu Gida Biyu A Kwamfuta Ɗaya: A Fitar Da Kaya Kafin A Gusa Katanga

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani abin takaici da ya auku ga wani abokin aikinmu, malamin lissafi da ke zaune a unguwar Village, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare da shi. Ya yarda mu ba da labarin, da sharaɗin kada mu ambaci sunansa.

Malamin yana da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ana sayarwa a Akwa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki. Wani ɗan 'yar'uwarsa mai karatun kwamfuta ya sa masa manhajar Linux a gefen Windows, wato idan an kunna sai a zaɓi wadda za a shiga. Da aka kwana biyu sai ɓangaren Linux ya cika. Yaron ya ce abu ne mai sauƙi, za a rage wa Windows fili a ƙara wa Linux. Aka soma bayan sallar isha'i. Aiki ya kai wajen rabi sai aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo, kwamfuta ta ƙi shiga ko ɗaya daga cikin biyun. A cikinta akwai makin ɗaliban aji huɗu da ba a riga an cika a takardun sakamako ba, da tambayoyin jarrabawa da ya yi shekaru yana tarawa, da lissafin adashin malamai da aka ba shi amana, da hotunan mahaifiyarsa mai rasuwa. Ba shi da kwafin ko ɗaya a wani wuri.

To, me ya kai mutane ga haɗa manhaja biyu a na'ura ɗaya tun farko? Dalilin da ya fi yawa a yanzu shi ne, tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, sai dai ɗan ƙarin wa'adi da ya ba waɗanda suka yi rajista. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: faifai mai aƙalla giga 64, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da inji na baya-bayan nan. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjon da ke gidajenmu da shagunanmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa matasa ke ba iyayensu shawarar Linux, manhajar kyauta da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Nau'inta da aka fi sani a nan shi ne Ubuntu, wanda ya fara fitowa a 2004 a hannun kamfanin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Shawarar ba ta da laifi, mu ma muna amfani da ita. Sai dai mutum ba ya son rabuwa da Windows ɗin da ya saba, don haka sai ya ce a bar masa duka biyu.

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a ciki. Faifan kwamfuta kamar filin gida ne guda. Idan magada biyu za su zauna a ciki, sai a ja katanga, kowa da sashensa. Windows na shimfiɗa sashenta da tsarin da ake kira NTFS, Linux kuma galibi da ext4. Linux na iya leƙa sashen Windows ta karanta abin da ke ciki, amma Windows ba ta gane sashen Linux, har ma takan nuna shi kamar kangon da babu komai. Mutane da dama sun goge shi a kan haka, suna zaton fili ne da ke zaune a banza. Ban da waɗannan manya biyu, akwai wasu ƙananan ɗakuna a bakin zaure. Ɗaya shi ne sashen EFI, wanda sau da yawa bai wuce mega 100 ko ɗari biyu da wani abu ba, amma a nan makullan gidan duka suke, domin daga nan kowace manhaja ke tashi. Wani kuma na gyaran Windows ne. Ƙanƙantarsu ba dalilin taɓa su ba ne.

A farkon faifan akwai ɗan rubutu mai nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare, kamar takardar fili. Tsohon tsari, MBR, manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka, kuma bai wuce faifai mai tera 2. Sabon tsari, GPT, yana ɗaukar har 128. Wanda tsohuwar na'urarsa ta zo da sassa huɗu tun daga kamfani, ya ga an hana shi ƙara na biyar, to ga dalili nan.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Rage sashe daga ƙarshensa aiki ne mai ɗan sauƙi, domin yawanci wurin babu kaya da yawa. Amma gusa farkon sashe wani abu ne daban. Tun da Windows ce a gaba Linux a bayanta, idan aka rage Windows, filin da aka samu yana faɗowa ne a gaban Linux, don haka sai an kwashe kayan Linux kaf an matsa da su. A tsohon faifai mai juyawa wannan na iya cin sa'o'i. Duk tsawon lokacin nan rabin kaya na tsohon wuri, rabi na sabo, takardar fili kuma ba ta dace da ko ɗaya ba. A daidai nan wuta ta yanke wa abokinmu. Mu da ke Duwala mun san ba a rantsuwa a kan wuta, balle da damina.

Saboda haka aikin farko ba raba faifai ba ne, kwashe kaya ne. A nan muna so mu gyara wani kuskure da muka sha ji har a bakin masu ilimi. Mutum zai ce ai ya ajiye kwafi a D, alhali C da D ɗin nan sassa ne na faifai guda. Wanda ya kwashe kaya daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya bai tsira daga gobara ba. Kwafi sai ya fita daga na'urar: a faifan waje, ko a filashi, wanda a nan muka fi kira kile. Masu adana hotuna suna da wata ƙa'ida da suke kira uku, biyu, ɗaya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma ba a gini ɗaya da sauran ba. Wanda ya tuna gobarar da ta ci shaguna masu yawa a Marché Congo a 2019, ko ya taɓa tashi da asuba ya tarar da ruwa ya kai ƙafar gado a New Bell, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan na ukun ba. Garin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara ba wurin ajiye faifai a ƙasan akwati ba ne. A kai ɗaya gidan ɗan'uwa a wata unguwa, ko a ɗora muhimman takardu a intanet. Google na ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, wanda ya ishi takardu da maki, ko da bai ishi bidiyon biki ba.

Shi ma kwafin sai an jarraba shi. Akwai filashi na jabu a kasuwa da ke nuna girman da ba shi da shi: zai karɓi kaya kamar da gaske, sunayen takardu su bayyana, amma in an buɗe babu komai. Don haka a cire shi, a sa a wata kwamfutar, a buɗe takardu da hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe. Kuma filashin da aka shimfiɗa da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai an mai da shi exFAT ko NTFS. Amma kada a je a yi rigima da mai shago don an sayi faifai mai giga 500 an ga 465. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows, ba cuta ba ce. Mai faifan waje babba kuwa yana iya ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya da manhajar kyauta ta Clonezilla, wadda aka yi a Taiwan, ta yadda in abu ya ɓaci za a mayar da komai yadda yake.

Akwai wani abin da ake mantawa. Kwamfutoci da yawa na baya-bayan nan suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, mai ita ma bai sani ba. Idan aka taɓa hanyar tashin na'urar, Windows na iya tsayawa ta nemi makullin ceto mai lambobi 48. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. A nemo shi, a rubuta a takarda da biro kafin a soma komai. In babu shi, babu makanikin da zai buɗe faifan, kome ƙwarewarsa.

In an gama wannan, sai aikin kansa. Shawararmu ita ce kowace manhaja a rage ta da kayan aikin gidansu. A Windows, tun da yawancin na'urorinmu da Faransanci suke, a shiga Gestion des disques, a zaɓi sashen, a danna Réduire le volume. Da mega ake rubuta adadin, wato mai son giga 50 sai ya rubuta 51200. Wani lokaci za a ga fili da yawa amma Windows ta ƙi ragewa sai kaɗan. Wasu fayilolinta ne da ba sa gusawa suka tsaya a hanya, kamar na barcin na'ura da na komawa baya. A kashe su na ɗan lokaci a sake gwadawa. Haka nan a kashe démarrage rapide, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012, domin da shi Windows ba ta rufewa sarai, gyangyaɗi kawai take yi, kuma taɓa sashenta a wannan hali yana lalata kaya. Kada kuma a matse ta har wuya. A bar mata sararin giga 20 ko 30 don sabuntawa. Ubuntu na neman giga 25 a ƙalla. Wannan ya nuna cewa ƙananan kwamfutocin PB HEV da aka soma raba wa ɗaliban jami'o'inmu a ƙarshen 2017, masu giga 32, ba su da wurin masu gida biyu. Mai irinta ya zaɓi ɗaya.

Sashen Linux kuwa ba a rage shi ko gusa shi ana cikinsa, kamar yadda ba a naɗe tabarma ana zaune a kai. Sai a tashi na'urar daga filashi, a buɗe GParted. Kyawunta shi ne ba ta aikata komai sai an danna alamar amincewa, don haka akwai damar a duba sau biyu. A yi aikin da baturi mai rai kuma a jone da wuta. In batirin ya mutu, a kai na'urar inda ake da janareta ko ondila. Mai sa Linux sabuwa kuma ya karanta allon da kyau, domin zaɓin sawa a gefen Windows da zaɓin goge faifai duka suna maƙwabtaka da juna.

Ko an yi komai daidai, zaman masu gida biyu ba ya rasa 'yar hayaniya. A watan Agustan 2024 wata sabuntawa ta Windows ta hana Linux tashi a na'urori da yawa masu manhaja biyu a duniya, alhali masu su ba su taɓa komai ba. Kayansu na nan, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa, amma wanda bai sani ba sai ya firgita ya goge duka. Shi ya sa filashin da aka sa Linux da shi bai kamata a mai da shi na waƙoƙi ba. A ajiye shi, da shi ake shiga a kwaso kaya ranar da ƙofa ta cije. Akwai kuma rigimar agogo. Linux na sa agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuma a kan lokacin gari, mu kuwa a Kamaru muna gaba da awa ɗaya. Sai mutum ya fito daga Linux ya shiga Windows ya ga agogo ya koma baya da awa guda. Mun san wanda ya makara sallar Juma'a a kan haka. Ana gyara shi cikin minti biyu, ta umartar ɗayansu ya bi lissafin ɗayan.

Mu koma ga abokinmu. Abu ɗaya da ya yi daidai shi ne, da wani ya ce a sake sa Windows kawai a huta, bai yarda ba. Duk abin da aka rubuta a faifan da ya rikice yana iya hawa kan abin da ake nema. Muka ɗauki na'urar a kan bensikin zuwa wurin wani mai gyara. Ya fara gwada TestDisk, manhajar kyauta ta wani Bafaranshe, Christophe Grenier, wadda ke neman iyakokin sassa da suka ɓata. Sashen Windows ya dawo, da hotunan mahaifiyar da lissafin adashi. Sashen Linux, da yake shi ake gusawa, bai dawo ba. Sai aka koma ga 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ke tsinto fayiloli ɗai-ɗai amma ba da sunayensu ba, sai lambobi. Malamin ya yi dare uku yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya samu makin aji uku da yawancin tambayoyin jarrabawa. Na aji na huɗu sai da ya roƙi ɗalibai su dawo da takardun da ya riga ya gyara ya raba musu, kuma bakwai daga cikinsu suka ce tasu ta ɓata.