Tururin Wayar Salula: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Wayar GSM ba ta cika shekara uku a Najeriya ba aka fara jingina mata kisan kai. A 2001 layukan GSM suka fara aiki, a 2004 kuwa labari ya game gari cewa akwai wasu lambobi da in suka kira mutum ya ɗauka, nan take zai yanke jiki ya faɗi, jini na zuba ta hanci da baki. Kamfanonin waya suka fito suka ƙaryata. A 2011 labarin ya sake tasowa, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi wa jama'a bayani. Daga wancan lokaci zuwa yau ba a nuna gawa ɗaya da likita ya tabbatar cewa amsa kira ne ajalinta ba.

Wancan ya kwanta, amma ƙannensa na nan suna yawo a zaurukan WhatsApp. Kada ka kwana da waya a ƙarƙashin matashi, za ta dafa maka ƙwaƙwalwa. Kada ka amsa kira da kunnen dama. In batir ya kusa mutuwa, tururin da ke fita daga waya ya ninka sau dubu. Ƙarfen sabis ɗin da aka kafa a bayan gidanku shi ke hana mata haihuwa. A ƙarshen kowane saƙo sai ka ga an rubuta, "Don Allah ka tura wa 'yan uwa." Yawancin masu turawa da zuciya ɗaya suke yi, ƙauna ce ke sa su. Kuma ba duka maganganun ne ƙarya tsagwaronta ba, akwai waɗanda ke ɗauke da ƙwayar gaskiya. Shi ya sa abin ke bukatar tankaɗe da rairaya.

A fara da abin da ke fita daga wayar. Igiyar rediyo ce, danginsu ɗaya da wadda tashoshin rediyo da talabijin suka shekara suna watsawa tun kafin a haifi yawancinmu. Masana sun raba tururi gida biyu. Akwai mai ƙarfin da zai iya fasa ƙwayar halitta a cikin jiki, kamar na hoton ƙashi a asibiti da na nukiliya. Wannan shi ne aka tabbatar yawansa na jawo sankara, shi ya sa mai ɗaukar hoton ƙashi ke komawa bayan kariya kafin ya danna maɓalli. Ɗaya gidan kuma ba shi da wannan ƙarfi, a nan waya take. Hasken fitilar ɗakinka ma ya fi igiyar waya kusa da wancan gida mai haɗari, nesa ba kusa ba. Abu guda da aka tabbatar igiyar rediyo na yi wa naman jiki shi ne ɗumamawa, in ta yi yawa. Ta waya kuwa ba ta kai ta kawo ba: wayar GSM ba ta wuce wat 2 a ƙololuwar ƙarfinta, galibi ma ƙasa da haka ƙwarai take aiki, alhali na'urar ɗumama abinci na amfani da wat 700 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwati. Zafin da kake ji a kunne bayan doguwar hira, akasarinsa daga batir ne da kayan cikin wayar, ga kuma kunnen an toshe shi ba ya shan iska.

Saboda haka labarin dafa ƙwai tsakanin wayoyi biyu ƙarya ne. Bidiyon da aka ga wayoyi na fasa gugguru a kan tebur, wanda ya zaga duniya a 2008, talla ce wani kamfanin na'urorin sauraro mai suna Cardo Systems ya shirya, kuma da bakinsa ya amsa hakan. Maganar kunnen dama da na hagu kuwa ba ta da tushe ko kaɗan.

Batun sankarar ƙwaƙwalwa shi ne ya cancanci a zauna a kansa, domin a nan masu tsoro ke da hujjar da suke dogara da ita. Gaskiya ne cewa a watan Mayu na 2011, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyar rediyo a rukunin da ta kira 2B, wato abubuwan da "mai yiwuwa" suna haddasa sankara. Abin da masu tura saƙo ba sa faɗa shi ne ma'anar rukunin. Cibiyar na jera abubuwa ne gwargwadon ƙarfin hujjar da aka samu a kansu. Rukuni na ɗaya shi ne wanda aka tabbatar babu tantama: taba, barasa, hasken rana mai ƙuna, da gubar da ke fitowa a jikin gyaɗa da masara in suka yi funfuna, wadda ke jawo sankarar hanta. Rukunin 2B kuwa na abin da aka ga alama ce mai rauni, ba a iya kore ta ba, ba a kuma iya tabbatar da ita ba. Ruwan ganyen alobera da aka matse da ɓawonsa ma a nan yake. Ni a ganina, magidancin da ke da buhun gyaɗa a ɗaki mai danshi ya fi cancanta ya damu da buhun fiye da wayar da ke aljihunsa.

Daga ina alamar mai rauni ta fito? Babban tushenta wani bincike ne mai suna Interphone da aka gudanar a ƙasashe 13, aka wallafa a 2010. An tambayi masu ƙari a ƙwaƙwalwa da masu lafiya yawan wayar da suka yi a shekarun baya. A dunƙule ba a ga ƙarin haɗari ba. Sai a kashi ɗaya cikin goma da suka fi kowa daɗewa a kan waya aka ga ɗan ƙari. Masu binciken da kansu suka ce kada a yi saurin yanke hukunci, domin aikin ya dogara ne da abin da mutum ya iya tunawa. Wanda aka gaya wa yana da ƙari a kai, yana neman dalilin abin da ya same shi, zai iya ƙara wa lissafinsa ba da niyya ba. Har an samu waɗanda suka ce suna yin fiye da sa'a 12 a kan waya kullum.

Daga baya aka bi hanyoyin da suka fi wannan inganci. A Denmak an bi diddigin mutum sama da 350,000 ta rajistar layukansu, ba a ga ƙaruwar ƙarin ƙwaƙwalwa ba. A Birtaniya an bi mata sama da 770,000 na kimanin shekara 14, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna bambanci tsakanin masu waya da marasa ita ba. A 2024 kuma aka fitar da nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yi, ƙarƙashin jagorancin masanan hukumar kariya daga tururi ta Ostireliya. Sun tace bincike 63 daga ƙasashe 22, waɗanda aka wallafa tsakanin 1994 da 2022, ba su sami alaƙa tsakanin waya da sankarar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Akwai kuma hujjar da kowa zai iya aunawa da hankalinsa. A cikin shekara talatin, waya ta tashi daga hannun 'yan tsiraru ta shiga hannun biliyoyin mutane, amma a ƙasashen da ke ajiye cikakkiyar rajistar masu cutar daji, adadin masu sankarar ƙwaƙwalwa bai bi ta sun hau tare ba. Da taba ta yaɗu, ai ba a ɓoye sankarar huhu ta yi ba.

Masu tsoro kan kawo gwajin da aka yi wa ɓeraye a Amurka, wanda aka kammala a 2018. Gaskiya ne wasu mazan ɓerayen sun sami ƙari a zuciya. Sai dai an yi ta haska musu igiyar ne a ilahirin jiki, kimanin sa'a tara kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya zarce abin da jikin mai waya ke samu. Kuma ɓerayen da aka haska ɗin sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai, abin da ya ƙara dagula fassarar sakamakon. Ya isa dalilin a ci gaba da bincike, bai kai hujjar tayar wa mutane hankali ba.

Kada kuma a ɗauka an sakar wa kamfanoni mara. Akwai ma'aunin yawan igiyar da jiki ke sha daga waya, ana ce masa SAR. Amurka ta ƙayyade wat 1.6 ga kowane kilo na naman jiki, Turai wat 2 ga kai da gangar jiki, dukansu an ajiye su ƙasa sosai da inda ɗumi zai fara illa. A watan Satumba na 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 saboda ta wuce iyakar da aka sa wa gaɓoɓi a gwaji, sai da Apple ya gyara manhajar. Wannan ya nuna ana sa ido. Inda nake da damuwa shi ne wayoyin jabu da ke shigowa kasuwanninmu, waɗanda babu hukumar da ta taɓa gwada su.

Maganar batir ƙarya ce, amma na ga inda aka samo ta: an rikita sandunan batir da sandunan sabis. Ƙarancin caji ba ya ƙara wa waya tururi. Ƙarancin sabis kuwa yana ƙarawa. Kamar mai kiran ɗan uwansa ne a gona: in yana kusa sai ya yi magana a hankali, in ya yi nisa dole ya ɗaga murya. Haka waya ke ƙara ƙarfi in ƙarfen sabis ya yi mata nisa, ko tana cikin mota a hanyar daji. Ke nan unguwar da ta hana a kafa mata ƙarfe don tsoron tururi, wayoyin mutanenta ne za su riƙa aiki da ƙarfin da ya fi na da, a manne da kunnuwansu. Eriyar da ke can sama tana harba igiyarta ne zuwa nesa, abin da ke saukowa ƙasa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da iyakar da aka ƙayyade. Maƙwabtan ƙarfe suna da koke na gaskiya, amma a kan janareta ne: ƙararsa dare da rana, hayaƙinsa, man dizal da ke malala, da ingancin ginin kansa lokacin iskar damina. Waɗannan su ya kamata a kai wa hukuma.

Labarin cewa sabis ɗin 5G ne ke yaɗa cutar korona ba ya bukatar dogon bayani. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ba a yi gwanjon zangon 5G ba sai Disamba 2021, ba a fara sayar wa jama'a sabis ɗin ba sai 2022. Ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo.

Haihuwa fa? A nan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wani bincike a Suwizalan da ya fito a 2023, kan samari kusan 2,900, ya ga masu taɓa waya fiye da sau 20 a rana suna da ƙarancin ƙwayoyin maniyyi in aka gwada da masu taɓa ta jefi-jefi, amma bai ga bambanci tsakanin masu sa ta a aljihun wando da masu ajiye ta wani wuri ba. Alaƙa ya nuna, bai nuna waya ce sanadi ba. Ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri su je asibiti a duba su su biyun, kada su ɓata shekaru suna zargin aljihu. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, gargaɗinsa na gaske ne: ya bar tazarar santimita 15 tsakanin wayar da na'urar, kada ya sa ta a aljihun gaban riga.

Sai 'yar sitikar nan mai sheƙi da ake tallatawa, wai in an manna a bayan waya tana tsotse tururi. Kada ka ba da ko kwabo. In ba ta tare komai ba, kuɗinka sun tafi a banza. In ta tare wani abu, wayar za ta ƙara ƙarfi don ta kamo sabis. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ko yake tunanin yaransa, akwai hanya kyauta: ya buɗe sifika ko ya sa iyafis, ya nisanta wayar da kai ko da taƙi ɗaya ne, domin ƙarfin igiyar na faɗuwa da sauri da zarar an sami tazara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Waya na kashe mutane, amma ba ta tururi ba. Dubi ɗan acaɓa da ya cusa waya tsakanin hula da kunne, ya karkatar da wuya, yana ciniki da wani yana ratsa tsakanin tirela da adaidaita sahu, ga mace da goyo a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma ko ba a hannu ya riƙe ta ba, sauƙin kaɗan ne, tunda hankali ne ke tafiya. Dubi rumfar mai caji, allo guda ɗauke da soket hamsin, wayoyin lantarki a zare, cajoji masu arha suna zafi kamar garwashi. Cajar jabu na iya sakin wuta ta bi waya ta kama mai riƙe da ita, batir da ya kumbura na iya kamawa da wuta. Ko babban kamfani kamar Samsung sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir. Wannan ne ainihin dalilin da zai hana ka kwana da waya a ƙarƙashin matashi tana caji. Waya ba ta janyo tsawa, amma riƙe wadda ke jone da bango ana tsawa ganganci ne. Ga kuma matasan da ke wuni da iyafis sun ƙure sauti, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin lalacewar ji, da ɗalibin da hasken waya da hira ke hana shi barci har ukun dare.

Don haka, ɗan uwa, in saƙon tururi ya sake shigo maka, tambayi wanda ya turo wace hukuma ce ta faɗa, a wace shekara. In babu amsa, kada ka tura. In kuma ka hau mota ko babur ka ga direba ya ɗaga waya, ka ce masa ya tsaya ya gama ko ya ajiye, kada ka ji nauyinsa.