Wane Gem Ne Ya Cancanci Datarka?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

  Shirin namu na yau na matasa ne, amma iyaye kada ku murɗa akwatin, domin kuɗin datar da za mu yi magana a kai daga aljihunku yake fita.

Makon jiya bayan sallar isha'i na biya ta shagon cajin waya na unguwarmu. Janareta na ta ruri, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. A kan benci samari huɗu sun haɗa kai, hasken waya ya haske musu fuska, ko sallamata ba su ji ba. Cikinsu akwai ɗan ƙanwata. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya gaishe ni ya ce, "Kawu, ni fa Free Fire ta ishe ni. Kullum a jefo ka daga jirgi, ka harba, a harbe ka, minti goma an tashi. Ina son gem ɗin da in na bari yau, gobe zan tarar da kayana inda na ajiye su."

Yaron bai san sunan abin da yake nema ba, amma ya siffanta shi daidai. Turawa suna taƙaita sunan da haruffa uku, MMO, wato wasan da dubban mutane ke shiga lokaci guda ta intanet, su zauna a duniya ɗaya. Free Fire mutum 50 take zubawa a fili, PUBG mutum 100, ana gamawa a share fage kamar yadda ake share gurbin dara idan an tashi. Wannan kuwa gari ne. Akwai kasuwa, akwai sana'a, akwai maƙwabta. Kana barci a Daura, wani a Barazil yana sayen itacen da ka sa a kasuwa da yamma. Ni dai na laƙaba masa suna gem na gayya, saboda manyan ayyukan cikinsa mutum ɗaya ba ya iya su. Sai an taru, wannan ya tare dodo da garkuwa, wancan ya riƙa yi wa waɗanda suka ji rauni magani, saura su kai sara. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan tsarin: ba kowa ne ruwa ba, wasu aikinsu su tare masa hanya har ya sha.

To, wanne za a shiga? Idan ka tambayi intanet za ta jero maka sunaye, kuma mafi yawan masu jerowar suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, ga kwamfuta mai tsada, ga intanet na wata-wata da ba a ƙirga masa mega. Shawararsu ba ƙarya ba ce, amma ba da mu suke ba.

Ɗauki World of Warcraft, sarkin wannan fage. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da shi a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. Amma ba ya hawa waya, sai kwamfuta, kuma kuɗin wata dala 15 ne, abin da ya kai wajen naira 20,000. Haka Final Fantasy XIV na Japan: labari mai daɗi, ana barin sabon shiga ya yi nisa kyauta, amma shi ma kwamfuta yake so ko PlayStation da makamantanta. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ko na jami'ar sufuri da ke nan Daura, in yana da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfi, yana iya gwadawa. Sauran mu 'yan waya, mu wuce gaba.

(Gajeren kiɗa)

Abu na farko da za ka auna ba kyan hoto ba ne, sabis ne. Bari in bayyana. Duniyar gem ɗin ba a cikin wayarka take ba. Tana cikin manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda 'yan gem ke kira saba. Idan ka danna waya ka ce wa mutuminka ya kai sara, umarnin nan sai ya fita daga hannunka, ya hau eriyar unguwa, ya bi waya har Legas, ya nutsa ƙarƙashin teku, ya ɓulla Turai, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo. Duk wannan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, idan hanya lafiya. Idan kuwa hanya ta cushe, kamar da daddare lokacin da kowa ke kallon bidiyo, sai ka ga mutuminka ya sandare, kafin ya motsa an kwantar da shi. Waɗanda suka tuna 14 ga Maris na 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice, sun san cewa igiyar nan gaskiya ce.

Saboda haka ka'ida ta farko: duk gem ɗin da ka shiga, zaɓi sabar Turai. Ta fi ta Amurka da ta Asiya kusa da mu. Ta biyu: nemi gem mai haƙuri da jinkiri.

A nan ne wani tsoho ya yi wa yara fintinkau. Sunansa Old School RuneScape. Kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila ya fara RuneScape tun 2001. A 2013 suka tono yadda wasan yake a 2007 suka sake buɗe shi, saboda tsofaffin 'yan wasa sun ce wancan suke so, sannan a 2018 ya hau waya. Hotonsa, gaskiya, ba abin nuna wa baƙo ba ne. Mutanen ciki kamar an sassaƙa su da gatari. Amma agogon cikinsa yana bugawa ne sau ɗaya a duk kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa, don haka ɗan jinkirin sabis ba ya kashe ka a yawancin ayyuka. Ba shi da nauyi wajen saukewa, ba ya zuƙe data, ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa. Me ake yi a ciki? Ana su, ana saran itace, ana haƙar ma'adini, ana ƙira, ana girki, ana yaƙi, ana warware labarai masu kama da tatsuniya. Abin da ka samu ka kai babbar kasuwa a birnin Varrock ka sayar. Akwai ɓangaren kyauta da zai riƙe ka watanni. Abin da ya fi burge ni shi ne, in kamfani zai ƙara sabon abu babba sai ya kai shi ƙuri'a, kuma sai kashi 70 cikin 100 na masu jefawa sun amince. Wasu gwamnatocin ma ba su kai nan ba.

Na biyu shi ne Albion Online, na wani kamfani a Balin ta Jamus. Ya fito a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya hau waya a 2021, kuma a watan Afrilun 2024 aka buɗe masa sabar Turai. Wannan, jama'a, in Bahaushe ya shige shi sai ya ji kamar ya taɓa zuwa. Kusan duk takobi da riga da sirdin da ke kasuwar, wani ɗan wasa ne ya ƙera shi da kayan da wani ya haƙo. Kowane birni da kasuwarsa da farashinsa. Sai ka sayi fata ko katako inda suke da araha, ka ɗora wa takarkari, e, takarkari na ce, ka kama hanya zuwa inda suke da tsada. Fatauci ke nan irin na kakanninmu, kuma duk wanda ya taɓa bin babansa kasuwar Mai'adua ya ga yadda ake taya sa a karya, ya riga ya yi rabin karatun. Sai dai ƙasar an raba ta launi-launi. A shuɗiya ba mai taɓa ka. A ja da baƙa kuwa, idan aka kayar da kai, duk abin da ke jikinka da na kan dabbarka ya zama na wanda ya kayar da kai. Shi ya sa ake tafiya ayari, da madugu a gaba. Kuma a nan ne matsalar take gare mu: sabis ya ɗauke maka na daƙiƙa biyar a baƙar ƙasa, wahalar kwana uku ta tafi. Yana kuma da nauyi, yana cin batir, waya tana zafi. In za ka sauke shi, ka jira datar dare.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu maganar kuɗi. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin mega. Amma ba data ce kaɗai ke cin aljihu ba. Gem ɗin da aka ce kyauta ne, ka tambayi kanka ta ina masu shi ke ci. Wasu kayan ado suke sayarwa, wanda bai saya ba bai rasa komai ba. Wasu kuɗin wata suke karɓa. RuneScape da Albion duka suna da ɓangaren masu biya, amma duka biyun suna barin ka biya da kuɗin cikin wasan da ka tara da guminka, ba sai ka nemi katin dala ba. Nau'i na uku shi ne abin gudu: wanda ke sayar da ƙarfi, mai kuɗi ya sayi takobin da talaka ba zai taɓa kamowa ba, ko kuma a sayar maka da rufaffen akwati, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwati a matsayin caca tun 2018. Mu a nan ba sai Beljiyam ta faɗa mana sunan abin da ake zuba kuɗi a jira sa'a ba.

Na san wani yana can yana cewa, malam, faɗa mana wanda ake samun kuɗi. Ai mun ga wannan fim ɗin. A 2024 wa bai ga 'yan mainin ba? Yaro da babba, har masu furfura, ana ta dangwalar waya a Hamster Kombat dare da rana, ana lissafin mota da aure. Da aka raba kuɗin wasan a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da cajin da suka kashe ba. Dara ta ci gida. Gaskiya ne a Benezuwela, lokacin da kuɗin ƙasarsu ya karye, an samu masu tara zinaren RuneScape suna sayarwa da dala. Amma dokar kamfanin ta hana, kuma wanda aka kama rufe masa asusu ake yi, aikin shekara ya bi ruwa.

Sai ka duba ko gari za ka shiga ko kufai. Irin wannan wasa da mutane yake rayuwa, in suka watse kamfani ya kashe saba, duk abin da ka gina ya tafi. New World na kamfanin Amazon ya fito a 2021 da ƙarfinsa, mutum sama da 900,000 a ciki lokaci guda, amma a Oktoban 2025 kamfanin ya ce ya daina yi masa sabon aiki. Don haka kada sabon abu ya ruɗe ka. Wanda ya shekara goma yana tsaye ya fi wanda ake yi wa talla yau.

Iyaye, ga naku. Wannan gem ba a dakatar da shi kamar fim. Idan yaro ya ce "Umma, ina zuwa," wani lokaci da gaske mutum tara ne ke jiransa a ciki. Wannan ba hujja ba ce, amma sanin haka zai sa ku yanke masa lokaci tun kafin ya shiga, kada ya fara aikin gayya ana dab da kiran magariba. An kuma gina wasannin ne don su riƙe mutum: a Old School RuneScape matakin ƙarshe na kowace sana'a 99 ne, amma wanda ya kai 92 rabin tafiya kawai ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019. Ku leƙa ku ga abin da ke ciki, domin labaran Turawa ne, akwai tsafi da gumakan tatsuniyarsu, akwai kuma baƙi da ke hira da yaranku da Turanci. Kada yaro ya ba kowa lambar waya, ko hoto, ko kalmar sirrin asusunsa.

To me na ce wa ɗan ƙanwar tawa? Na ce masa, wayarka ƙarama ce, sabis ɗin gidanku sai an fito tsakar gida, ka fara da Old School RuneScape, ɓangaren kyauta, mako biyu, ko kwabo kada ka kashe. Idan ku huɗun nan na kan benci za ku shiga tare, kuma wayoyinku za su ɗauka, to Albion a sabar Turai, ku zauna a shuɗiyar ƙasa har ku san hanya. Ya ce, "Kawu, hoton na farkon nan fa kamar na zamanin Bayajidda." Shekaranjiya na sake biyawa ta shagon, na tarar da shi a cikin wasan yana gasa kifi a bakin wani kogi, yana ƙorafin rabi ya ƙone.

Masu saurare, in akwai wanda ya riga ya yi nisa a ɗaya daga cikin waɗannan wasanni a nan ƙasar Daura, ko Katsina, ko Damagaram, ya aiko mana da saƙo ya faɗi wanne yake bugawa da sabar da yake, da kuma nawa yake kashewa a data duk wata. Za mu karanto a shiri na gaba, ko yaran nan sa samu madugu mai jin Hausa. 

(Kiɗan rufe shiri)