Kansar hanta: kowane majinyaci da nasa awo

Ɗan uwa mai karatu, ka san hanta. Tana gefen dama na cikinka, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jini, ita ke yin madaci mai taimakon narkar da abinci. Wani lokaci wani ƙari yakan tsiro a cikinta, ya yi ta girma. Shi ake ce wa kansar hanta.

In an gano shi da wuri, lokotoro na iya yin fiɗa ya cire shi. Amma sau da yawa mutum ba ya zuwa likita sai ƙarin ya yi girma. A nan fiɗa ba ta yiwuwa. To, mi za a yi?

Akwai wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. In ya yi ƙarfi yana ƙone ƙari. A Yamai, cibiyar yaƙi da kansa ta fara aiki da irin wannan haske a 2021. Injinta daga waje yake haskawa.

Don hanta, akwai wata dabara ta kai hasken daga ciki. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar matsematsi har hanta. Sai a tura wasu ƴan duwatsu da suka fi garin gero laushi. Suna ɗauke da wani sinadari mai suna itiriyom 90. Jini ya kai su cikin ƙarin, su maƙale, su yi ta ƙona shi. Haskensu ba ya wuce milimita 11. Bayan mako 2 ƙarfinsu ya kusa ƙarewa.

Ga inda wuyar take. In hasken ya yi kaɗan, ƙari ba ya mutuwa. In ya yi yawa, hanta mai lahiya ta ƙone. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Haka nan ma. Kamin ranar magani, ana tura wani ruwan gwaji ta wannan hanya, a ɗauki hoto. Hoton ya nuna nawa ya shiga ƙarin, nawa ya shiga hanta mai lahiya, nawa ya zarce huhu. Daga nan a lissafa awon wannan mutum shi kaɗai.

Lokotorori a Faransa sun gwada, suka bayyana sakamako a 2021. Cikin mutum 28 da aka yi wa awon kansu, ƙarin ya ragu sosai ga 20. Cikin 28 da aka ba awon kowa da kowa, ga 10 kawai ya ragu. A rukunin farko, rabi sun wuce wata 26 da rai. A na biyu, rabi ba su kai wata 11 ba.

Wannan magani yana da tsada, kuma galibi sauƙi yake kawowa, ba warkewa ba. Saboda haka ka tare ciwon tun daga nesa. A ƙasashenmu, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ita ce babban sanadinsa. Gujiya da masara masu hunhuna suna ƙara haɗari. Tun 2008 allurar wannan ƙwaya tana cikin rigakahin jarirai a Nijar. Ka kai ɗanka. Ka shanya amfanin gona ya bushe sarai. In idonka ya yi ɗorawa, ko gefen dama na ciwo, maza ka tahi likita.

Tambayoyi
1. Ina hanta take a jiki?
2. Don mi ake gwaji kamin a tura maganin?
3. Yaya za ka kare iyalinka?